Buhun Littafin Malam Tsoho

Malama Nazifa 'yar Zurmi ce. Shan inna ya kama mata ƙafar hagu tun tana rarrafe, ta girma da sanda da takalmin ƙarfe. Ubanta ya ce tunda ba za ta iya surfe ba, sai ta yi boko. Ta yi, har ta zama mai koyarwa a wata cibiyar horas da malamai a Ƙauran Namoda.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka ba ta sabon darasi, na yadda ake koyar da yara naƙasassu. Ba don ta karanta fannin aka zaɓe ta ba, ƙafarta aka duba. Ta bincika ɗakin karatu kaf, babu ko shafi ɗaya. Shugaban sashe, Malam Sodangi, ya ce in Litinin ta zo babu littafi a kan tebur, zai soke darasin ya ba masu lissafi lokacin.

Wani direba ya ba ta labarin Malam Tsoho na Galadi, makaho, wanda ya yi karatun fannin a Jos kafin ya yi ritaya. Ta aika a tambaye shi ko yana da littattafai. Amsa ta dawo cewa akwai buhu guda.

Ranar kasuwar Shinkafi ta shiga mota. Daga nan zuwa Galadi sai babur, ga shi an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata. Ta roƙi uku, kowa ya kau da kai don tsoron bulala. A ƙarshe amalanken shanu ta hau, tsakanin buhunan gishiri, ƙarfen yana cin fatarta har la'asar.

Matar Malam Tsoho, Kubura, ta jawo buhun zuwa zaure. Nazifa ta buɗe littafin farko. Farar takarda ce mai kauri, babu tawada, sai ƙananan ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Rubutun makafi ne. Ta buɗe na biyu, haka. Sai ta tuna saƙon da ta aika. Ta tambaya ko akwai littafi, ba ta tambaya ko ido zai karanta shi ba.

"Kin yi shiru, ɗiyata," in ji tsohon. "Ke zaton mi kika yi? Makaho zai aje littahin masu ido?"

"Baba, ka biyo ni Ƙaura ka karanta mana."

"A'a. An taɓa kai ni taro, aka tsaida ni gaban mutane kamar ragon layya, ana cewa ku dubi ikon Allah. Ban ƙarawa."

Nazifa ba ta roƙe shi ba. Ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa ƙarfen ƙafarta, ƙarar ta cika zauren.

"Ka ji? Ni ma don wannan aka ba ni ajin. In ka ƙi zuwa, a soke shi, yaran da ke zaune a gida su ci gaba da zama."

Tsohon ya shafa gemu. "Da sharaɗi. Kujerar malami zan zauna. Wanda duk ya ce mini Allah sarki, in tashi."

Ranar Litinin Malam Sodangi ya shigo ajin, ya tarar da buhu a kan tebur, tsoho yana bin takarda da yatsu yana karanto Turanci, ɗalibai suna rubutawa da sauri.

"Malama, littafi na ce, ba baƙo ba."

"Ga littafin nan, ranka ya daɗe. Ba ka ce da wane irin rubutu ba."

Malam Tsoho ya ɗora yatsa a inda ya tsaya, yana jira. Sodangi ya ɗauki littafi ɗaya, ya juya shi, ya ajiye.

"Zango ɗaya," ya ce. "In ban ga takarda a hannun ɗalibai ba, shi ke nan."

Kafin zangon ya ƙare ta tattara abin da suka rubuta, ta gyara, aka buga shi da injin gurza takarda. Tawadar ta yi dabbare-dabbare, amma tana karantuwa. Malam Tsoho ya koma Galadi da buhunsa, bai bar mata ko ɗaya ba. Ya ce ba ta da yatsun karanta su.