Hannun Baba na dama

Ranar da Auta ta samu gurbi a jami'a, gida duka aka fara kiranta Likita. Da aka gane gashin ƙashi take karantawa, wato koya wa gaɓar da ta mutu ta sake motsi, sai sunan ya koma Mai Tausa. Babban yayanta ne ya laƙaba mata, yana dariya har da riƙe ciki.

"Jami'a guda don ki koyi matsa ƙafa? Da kin faɗa, ai da Gwaggo ta koya miki kyauta."

Ta haɗiye. Ta gama, ta samu aiki a wani ɗaki can ƙuryar asibiti, kusa da wurin wanki. Sandunan ƙarfe biyu ne a ciki na koyon tafiya, da madubi mai tsaga, da kwandon ƙwallayen roba. A nan take yini tana tsare mutane: ɗaga, sauke, sake ɗagawa. Tsofaffi sun zage ta, sun yi mata kuka, daga baya sun fita da ƙafafunsu suna sa mata albarka. A gida kuwa ko maganin ciwon kai ba a tambayarta.

Sai Baba ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na ɗinki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi, Auta ta duba hannun, ta ga yatsun suna ɗan motsi. Ta tara 'yan gida ta gaya musu hannun zai iya dawowa, amma sai an bar shi ya sha wuya. Shi zai riƙe kofinsa, shi zai ɓalle maɓallin rigarsa, ko da hantsi zai same shi yana fama. In aka hutar da hannun, sandarewa zai yi.

Washegari ta sa masa kofi a hannu. Ya ɗaga, hannun ya yi rawa, ruwan ya kwarare masa a ƙirji. Kafin ya sake gwadawa Yaya ya fizge kofin.

"Ke ba ki da imani ne? Mahaifinki ne fa, ba majinyacinki ba!"

"Yaya, ka ba shi kofinsa."

"Muna raye? Allah ya kiyaye."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Kowa lada yake nema. Tana fita aiki Mama za ta zauna da cokali, Gwaggo ta ɗora hannun a kan matashi ta lulluɓe shi kamar jariri. Ƙwallon da ta kawo masa ya riƙa matsawa, jikoki suka tafi da ita tsakar gida. Masu zuwa dubiya suna ta yabon irin hidimar da ake yi masa. Shi kuma Baba kunya ta hana shi ture cokalin matarsa, sai in Auta ta dawo ya tambaye ta a hankali ko an sa wa keken ɗinkinsa mai.

Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta yi kuka. Aka ce boko ya busar mata da zuciya.

Watanni suka shuɗe. Hannun ya naɗe a ƙirji, yatsun suka dunƙule, ko wanke tafin za a yi sai Baba ya cije leɓe. Ran nan Yaya ya tare ta a ƙofar ɗaki, cokalin Baba a hannunsa.

"Auta, ke da kika karanta wannan abin, babu abin da za ki iya yi masa ne?"

Ta dube shi, ta dubi cokalin. Ta wuce shi, ta cika kofi, ta durƙusa ta sa wa Baba a hannun hagu.

"Da hagu?" in ji Gwaggo. "Haba, Auta!"

"Shi kaɗai kuka bar masa, Gwaggo."

Mama ta miƙo hannu za ta karɓa. Baba ya ƙanƙame kofin, ruwa na zuba masa a riga, ya ƙi saki.