Tiren Annabi Iliya a Kwandon Shara

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Dimona ya san Segulla Talkar, ko da ta murya ce. Gajeriyar tsohuwa ce mai ɗaurin zane irin na ƙauyukanmu na gaɓar tekun Indiya, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda cewa abin da ake sayarwa a hamadar nan kifi ne ba. Mijinta matsar mai yake yi. Ran Asabar san da ke juya masa dutse hutu yake, dutsen matsar ma hutu yake, ko da maƙwabta sun cika ƙofa da kwalabe. Da ya rasu ta biyo ɗanta Gershon zuwa ƙasar kakanni, da akwati ɗaya, da tiren tagulla, da hoton Annabi Iliya yana hawa sama a karusar wuta. Ƙofarmu na kallon tasu, don haka abin da zan faɗa muku da idona na gani.

A shekarun nan ana ta ƙananan maganganu cewa mu Yahudawan Indiya asalinmu da shakka. Manema biyu suka zo wa jikarta Yerusha, 'yar Gershon, duk suka zame. Sai Segulla ta yi wa'adi: in yarinyar ta sami miji, za ta yi malida. Kun dai san ta, shinkafa ce da aka daka ta yi fale-fale, a jiƙa, a zuba kwakwa da sukari, a jera 'ya'yan itace a kan tire, a taru a roƙi Allah ana ambaton Annabi Iliya, a ci. Allah kuwa ya kawo wani yaro ɗan Yahudawan Maroko, abokin aikin Yerusha a masaƙa.

Gershon kuma ya shiga karatun yamma a majami'a, don a daina yi masa kallon baƙo. Ana gobe uwar yaron za ta zo ganin gida, malamin ya karanta musu ayar Annabi Ezekiyel, wadda ke cewa waɗanda aka warwatsa za su dawo ƙasar, su kawar da gumaka da duk abin ƙyama daga cikinta. Malam dai gumakan dā yake nufi. Shi kuwa Gershon ya dawo gida ya tsaya yana kallon bangon da uwarsa ta rataye hoton.

Da safe Segulla ta dawo daga kasuwa da ayaba da dabino, ta tarar da ƙusa tsirara a bango. Tiren da hoton na cikin kwandon shara a ƙasan bene.

"Gershon, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Ayar ce ta ce in mun dawo mu kawar da irin waɗannan. Wannan tiren kamar na maƙwabtanmu na can ne, masu kai wa gunki fure. In matar nan ta gani, auren ya tashi."

"Maimaita mini. Me aka ce a kawar?"

"Abin ƙyama."

"To ga ni. Ɗauke ni ka kai ƙasan bene." Ta ajiye kayan hannunta. "Kai, ni za ka koya wa gunki? Duk bikin gunkin garinmu sai an aiko mana da alewa, ni ke hana ka ci, kana birgima a ƙasa kana majina. Ubanka ya kwana da yunwa don kada ya taɓa dutse ran Asabar. Wata uku ka yi kana karatu, har ka gano uwarka mai bautar gunki ce? Da na sani da na bar ka ka ci alewar, ko ka yi ƙiba."

Ta sauko da kanta ta ciro kayanta, ta goge da bakin zane, ta shigo ɗakina ba sallama. "Ba ni ƙusa," ta ce.

Da la'asar Mas'uda, uwar yaron, ta iso. Ta sha shayi a ɗakin Gershon tana ta waige-waige. Can ta ce, "Ku ba ku da wani waliyyi ne? Bango fayau kamar asibiti. Mu ko kyandir ɗaya ai mukan kunna wa bayin Allah. Wa zai sa wa auren nan albarka?"

Gershon ya miƙe ya fito. Ya zo ƙofata wurin uwarsa, kansa a ƙasa.

"Inna, ki ara mini hoton, na ɗan lokaci."

"Ara? Da safe abin ƙyama ne, yanzu ado ne don baƙuwa? Je ka karanta mata ayar."

Ƙarshe Mas'uda ce ta tsallako ɗakina. A nan aka yi malida, a nan aka sa rana, Yerusha na gefen kakarta tana share hawaye. Gershon ya tsaya a bakin ƙofa. Segulla ta zuba masa rabonsa a tafin hannu, don ba a hana kowa malida, amma ko kallonsa ba ta yi ba.

An yi aure, an haifi 'ya'ya, an yi musu malida ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗakina. Gershon ya roƙa, ya aiko dattawa, har firam mai ruwan zinariya ya saya. Hoton bai koma ba. Ta kuma hana a cire ƙusar da ke bangonsa. Ranar da ya so yin fenti ma cewa ta yi ya zagaye ƙusar.