Malam Inuwa da Tayin Maƙwabci

A Makarfi, in ana zancen cinikin gida a da, sunan Malam Inuwa dillali ke fara zuwa baki. Shi fa ba ya kai gida kasuwa sai ya taka da ƙafarsa ya yi wa maƙwabcin dama da na hagu tayi, don su suka fi kowa haƙƙi. In sun ce ba hali, sannan ya nemo baƙo, ya zaunar da shi a zaure a sha fura, a ji ɗan gidan waye.

Ya ga alamun sauyi tun da wuri, bai dai ɗauke su da nauyi ba. Masu saye suka daina tambayar su wa ke unguwar, sai dai, "Mota za ta shiga lungun?" Aka cike kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, aka yanka shi fuloti-fuloti. Gonakin rake na bakin titi ma suka bi sahu.

Da amininsa Hamisu ya rasu, magada suka ce a sayar da gidan. Damuwar Malam Inuwa ɗaya ce: Indo, matar marigayin, wadda ke ɗakinta tun tana amarya, kuma ba ta son barinsa. Ya san in Alhaji Salman na jikin katangarsu ya saya, zai bar ta ta ƙarasa kwanakinta a ciki. Sai dai Alhaji ya tafi Umara.

"Baba, ga lambarsa, ku kira shi mana," in ji Shamsuddeen, babban ɗan Indo.

"A waya? Gida sukutum? Sai ka ce cinikin kaji. Bari ya dawo, in je in zauna gabansa."

Ranar da Alhaji ya dawo, Malam Inuwa ya sa babbar rigarsa ya je. Aka gaisa, aka sha zamzam, sannan ya kawo maganar.

"Ashe ba ka ji ba?" in ji Alhaji. "Ai magada sun riga sun sayar wa wani mutumin Kaduna, hoto kawai ya gani, ɗakunan haya zai yi. Da ka kira ni, Malam, da na saya."

Malam Inuwa ne ya tsaya aka ɗora kayan Indo a motar da za ta kai ta Zariya wurin ɗanta. Ya kasa ɗaga ido.

"Kada ka sa wa ranka, Malam," ta ce. "Shi ma marigayin, da shi ne, ba zai kira ba."