Hular Mudi Ɗan Doka

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Mudi ɗan doka a Kukar Maitama, ita ma katangar ba ta wuce ƙirjina ba. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, kada wani ya ja da ni. Na san tarinsa, na san ranar da matarsa Lauratu ta yi miyar da ba ya so, na kuma san cewa duk tsawon nan nasa, in talotalo ya buɗe fukafukai sai Mudi ya sake hanya.

Tsawon ne ma ya ba shi aiki. Da can dakon buhunan auduga yake yi a Funtuwa. Wata rana aka zo neman ƙarti da za a ɗauka aikin doka, aka jera su a rana, aka ga kansa ya zarce na kowa, aka ce ya fito. Ba wanda ya tambaye shi ko ya iya faɗa. Da ni aka tambaya, da na hutar da hukuma. Aka ba shi kaki da kulki da hula mai bajo, da wani takalmi da ya sa shi tafiya kamar raƙumi a kan tsakuwa, aka turo mana shi gida.

Shekarunsa na fari lafiya lau. Aikinsa kama awakin da suka shiga gona, da tsare layi a kasuwar auduga, da raka mai unguwa. Kulkin nan ban taɓa ganin ya sauka a jikin mutum ba. Lauratu ce ma takan are shi ta fasa goruba.

Ba za a fahimci Mudi ba sai an san Luka. Inno, mahaifiyar Mudi, daga gidan Maguzawa ta fito, ta musulunta da ta yi aure a garinmu. Wanta kuwa ya bi 'yan mishan, ya zauna a wani ƙauye bayan rafi, shi ya haifi Luka. To ka ga Luka ɗan namiji, Mudi ɗan mace, taubasai ke nan. Wasan da ke tsakanin ɗan wa da ɗan ƙanwa kuwa ba coci ba masallaci da ya taɓa hana shi. Luka ba ya kiran Mudi sai "Bawana". Mudi ba ya kiran Luka sai "Ɗan mishan". Gajere ne Luka, baki gare shi kamar reza. In ya shigo gidan, kafin ya gaida gwaggonsa Inno sai ya ɗauke kwanon tuwon da ke gaban Mudi.

"Bawa ba ya ci kafin ubangidansa."

"Ajiye mini, ɗan mishan! Ku da kuka ci alade ya ishe ku."

"Gwaggo, kin ji bawan nan ya yi ƙiba har yana mayar da magana. Gobe Funtuwa zan kai shi, in musanya shi da jaki."

Inno ta yi ta dariya har da hawaye. Ni kuma ina leƙe ta katanga ina ƙara wa wutar kara.

Luka ba ya azumi, ba ya Sallah da mu, amma watan cika-ciki ya fi liman sanin tsayuwarsa. Ran goma ga wata, ranar da taubasai ke farautar juna, duk inda Mudi ya shiga sai Luka ya tono shi ya fizge masa hula, ba zai mayar ba sai Mudi ya durƙusa ya ce ubangida ya yi haƙuri. Tun suna yawo ba wando suke haka. Da Mudi ya sami kaki ma ba a fasa ba, sai dai a cikin gida ake yi.

Sai siyasa ta shigo mana. Jam'iyya biyu ce a garin: ta masu mulki, wadda hakimi da attajirai ke ciki, da ta 'yan adawa, wadda Shitu tela ke ja. Masu mulki suna da ƙartinsu masu gora, in sun ga ka gaisa da Shitu sai rumfarka ta kasuwa ta rushe da kanta. 'Yan adawa su ma suna da samarinsu masu majajjawa da baki marar linzami, in ba ka sayi katinsu ba kai ne karen sarakuna. Aka daina zuwa sunan juna. Mahauci ma sai da aka raba, kowa da inda yake sayen nama. Ni dai duk wanda ya tambaye ni sai in ce jam'iyyata fura.

Aka turo wani Saje Hussaini daga birni ya shugabanci 'yan dokan garin. Daga nan kulkin Mudi ya bar hannun Lauratu. Yakan dawo da yamma ya zauna bai cire takalmi ba. In na ce, "Doka, yau akuya nawa aka kama?" sai ya ce, "Bari, maƙwabci. Yanzu awakin da ake sa mu kamawa suna da 'ya'ya a makaranta."

A shekarar 1964, ana shirin babban zaɓe, ranar cika-ciki ta faɗo daidai ranar kasuwarmu, ruwan shuka bai daɗe da sauka ba. Shitu ya nemi izinin yin lacca aka hana shi, ya ce ko da izini ko babu sai ya yi. Mutanensa suka taru gindin kukar bakin kasuwa, ya hau tebur. Ƙartin masu mulki suka tsaya ta wajen rumfar mahauta suna buga gora a ƙasa. Saje ya jera 'yan dokansa a tsakani, Mudi a ƙarshen layi, gumi na bin wuyansa. Ina nan kusa, wajen masu daddawa, don ni ba a yin abu a bayana.

Luka bai san ana yi ba. Su bayan rafi ba ruwansu da kati, abin da ya dame su iri da taki. Ya je gida aka ce Mudi na kasuwa, ya biyo ta bayan rumfuna yana sanɗa, idonsa a kan abu guda. Wallahi na hango shi, har na fara murmushi. Ya yi tsalle ɗaya ya fizge hular nan, ya ɗaga ta sama yana rawa.

"Bawa! Durƙusa!"

Mutanen Shitu suka ga an tuɓe wa ɗan doka hula a gaban jama'a. Suka kece da ihu, wani ya ɗaga Luka a kafaɗa. Dutse ya taso daga baya ya sami wani ɗan doka a baki. Saje ya busa usur.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. 'Yan doka suka shiga da kulki, masu gora suka shigo ta gefe ba wanda ya hana su, majajjawa na ta aiki daga bayan kuka, ita kuwa ba ta tambayar katin mutum. Aka tattake tallan mata. Wata tsohuwa mai daddawa, da muke ciniki da ita yanzun nan, dutse ya tafi da idonta. Na ga Luka a ƙasa, mutum uku a kansa, yana kiran "Mudi! Mudi, gaya musu!" Karo na farko ke nan da na ji sunan a bakinsa. Mudi na tsaye kai ba hula, kulki na lilo a hannunsa, kamar an dasa shi.

Aka kulle Luka da wasu samari, hannunsa na hagu a karye. Kafin kwana biyu 'yan adawa sun yi masa waƙa, wai jarumin da ya tuɓe wa zalunci hula. Shitu ya aika masa cewa in an je gaban alƙali ya ce da gangan ya yi, talakawa na bayansa. Luka ya ce shi bai san wani zalunci ba, ɗan gwaggonsa ya sani.

Saje kuwa har gidan Mudi ya zo. Ina jin su ta katanga, don ban ga dalilin toshe kunnena ba.

"Mudi, kada ka ɗauka ban san taubashi ba. Ni ma ina da su. Amma an zubar da jini, an ji labari har birni. In ka ce wasa ne, to kai ka mai da kayan hukuma abin wasa, kai ka jawo fitinar, idon tsohuwar nan ma a wuyanka. Za a tuɓe ka, kuma kai za ka shiga inda Luka yake. In ka ce hari ne, ɗan wata shida ne ya fito."

"Saje, ɗan kawuna ne."

"Na ji. 'Ya'yanka kuma 'ya'yan wa ne?"

Bayan ya tafi Inno ta fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mudi, nono ɗaya muka sha da uban yaron nan. In ka je ka faɗi abin da kowa ya sani." Dinatu matar Luka ita ma ta zo da goyo, ta tsaya a zaure ta kira Mudi da sunan 'yarsa, ta ce, "Baban Sabuwa, gonarmu ko noman fari ba a yi ba. Kalma ɗaya ce fa." Ni ma na sa baki ta katanga, na ce, "Doka, in an kore ka ai buhunan Funtuwa ba su ƙare ba." Bai ko dube ni ba.

Ranar shari'a kotu ta cika. Mutanen Shitu suka taru a waje suna rera waƙar nan, ko tausayin wanda suke yi wa ba sa ji. Duk baitin da suka ɗaga, sai fuskar alƙali ta ƙara ɗaurewa. Luka ya yi bayaninsa, hannu rataye a tsumma, har yana ɗan murmushi, don a ganinsa da an kira Mudi magana ta ƙare. Alƙali ya juya.

"Kai ɗan doka, mutumin nan ya ce wasa ne tsakaninku. Akwai wasa?"

Mudi ya dubi Saje, ya dubi ƙasa.

"Allah ya gafarta malam, ba na wasa da kowa a bakin aiki."

"Ba shi na tambaye ka ba. Akwai wasa tsakaninka da shi, ko babu?"

Waƙar waje na ta shigowa kotun.

"Babu."

Wata tara aka ba Luka, ba shida ba.

Mudi ya tsira da kakinsa, amma bai tsira da komai ba bayan shi. Da dawarsa ta kai ƙugu, samarin adawa suka shiga gonar da rana tsaka, yana wajen aiki, suka sassare ta tas. Masu mulki ba su ce masa sannu ba, su a wurinsu shi ne ragon da aka cire wa hula. Inno ta tattara kayanta ta koma bayan rafi wajen Dinatu, tsohuwa mai sallah biyar a gidan masu zuwa coci, ta ce can ne ake bukatarta. Mudi ya haɗa gayya a asirce don a nome gonar Luka, Dinatu ta tare su a bakin gona ta ce su koma, ta gode. Gonar ba ta ba da abin kirki ba a shekarar.

Da aka sako Luka, ta ƙofar gidanmu hanyarsa ta bi. Mudi ya kwana biyu yana shiri, har yana gwada mini abin da zai faɗa. Muna zaune a dakali sai ga Luka, ya rame, hannun ya ɗore a karkace. Mudi ya miƙe, ya yi ƙarfin hali.

"Ɗan mishan! An yi maka aski kyauta, ko godiya babu?"

Na kasa kunne ina jiran rezar bakin nan ta fito. Luka ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa hakimi.

"Ranka ya daɗe. Barka da hutawa. Ya iyali?"

"Kai Luka, tashi mana. Mene ne haka?"

"A gaida gida, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki takalmansa ya wuce.

Yanzu soja sun karɓi mulki, an soke jam'iyyun duka biyu. Shitu tela da shugaban masu gora tare suke sayen auduga, a kwano ɗaya suke cin tsire. Tsohuwa mai daddawa tana nan da ido ɗaya. Ana ta raɗe-raɗin aikin doka ma za a tashe shi, ban sani ba ko gaskiya ne. Mudi dai ya fara furfura. Duk ranar kasuwa yakan tsaya inda Luka zai wuce, ya jefa masa wata tsokana, wani lokaci har da zagi mai zafi, ko Allah zai sa ya rama. Luka ya durƙusa, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi lafiyar Lauratu da yara, ya tafi. Bai taɓa ɗaga masa murya ba, bai kuma taɓa faɗin laifinsa ga kowa ba.

Ni nakan yi iyakar ƙoƙarina. Jiya ma da na gan shi zaune ya zuba tagumi, na leƙa na ce masa raƙumin hukuma, na ce masa dogon banza, na haɗa da duk abin da na san Luka kan faɗa. Ya saurare ni har na gama, ya ɗan yi murmushi don kada in ji kunya.

"Na gode, maƙwabci," in ji shi. "Amma naka ba ya shiga. Kai ba ɗan kawuna ba ne."