Jinjirin Watan da Malam Tukur Bai Ɗauka Ba

Ranar Laraba, 27 ga Sha'aban 1446, wato 26 ga Fabrairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Tukur Abdulƙadir a gidansa da ke Kurfi, bayan jinyar mako uku. Ina bakin aikina na walda a Dutsin-Ma 'yarsa Khadijatul Kubra ta kira ni a waya. Na ajiye ƙarfen da ke hannuna, na yi salati, na kama hanya. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Mai shi ne ya karɓi abinsa, kuma mu ma hanyar ke nan.

Malam, ni ne Rabi'u, ɗalibinka na sakandare wanda ka koya wa labarin ƙasa. Ban iya rubutu irin naka ba, kuma da ban ji abin da na ji a wajen jana'izarka ba, da na yi maka addu'a na yi shiru. Bayan an sallace ka, liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk wanda ka ɓata wa ya yafe maka. Jama'a suka amsa. Sai maƙwabcinka Alhaji Jibo ya ɗaga murya yadda sahu na uku zai ji, ya ce, "Ni dai na yafe mashi leƙen iyalina da ya yi, duniya da lahira." Mutane suka ce Allah ya saka masa da alheri. Da wannan sunan aka rufe ka, Malam, kuma ina cikin waɗanda suka bari ya zauna maka. Shi ya sa nake rubutun nan.

Kai ne ka kama hannuna shekarar da na faɗi jarrabawa, babana ya ce ba ya son ganina, ka kai ni wurin mai walda a Dutsin-Ma, ka tsaya har aka ba ni wurin zama. Kowace ranar kasuwa sai ka biyo ka ga ko na fara iya riƙe ƙarfe. Abincin da nake ci yau, a hannunka Allah ya biyo da shi.

Da ka yi ritaya, sa'anninka suka koma kiwon tumaki da zaman majalisa. Kai kuwa ka ce so kake ka ɗauki hoton jinjirin watan azumi daga sararin Kurfi. Ka taɓa gaya mini dalili. Mahaifinka mai kaifin ido ne, ya ga wata a wata shekara, ya je ya ba da shaida, aka ce tsufa ne yake nuna masa abin da babu. Abin ya ci masa rai har ya rasu. Ka ce in akwai hoto, ba za a ƙara ƙaryata wani tsoho a garin nan ba.

Sai dai madubin hangen nesa da ake ɗaukar hoton sama da shi ba kayan ɗan fansho ba ne. Sabo, ko tambayar kuɗinsa ba ka yi ba. Ka ce za ka tara shi guntu-guntu daga na hannu, kuma farkon abin da ka sadaukar shi ne goro, kai da ba ka iya koyar da darasi ɗaya sai da shi a kunci. Sayenka na fari cuta ce. Ka ga hoto a waya, ka aika Legas, aka kawo maka na wasan yara, na roba, tsawonsa bai wuce ludayi ba. Na ɗauka za ka yi kwana biyu ba ka fito ba. Dariya ka yi har da hawaye, ka kai wa 'yan firamare, ka ce daga yau abin da hannunka bai taɓa ba, ba ka sayensa.

Shekara biyu bayan haka ka samo na gaske wurin 'yan gwanjo a Kano, a tsakanin tsofaffin firiji da dutsen guga. Mai kayan ya ɗauka bututun hayaƙi ne. Ka haska madubin da ke ƙasansa da tocila, ka ga fumfuna a gefe da wani ɗan ƙarce, ka ce da su za ku yi zama. Ka rungumo shi a cinya tun daga Kano, ka hana kwandasta ɗora shi a but. Na ga yadda ka wanke madubin nan, da ruwan batir wanda ba a sa wa asid ba, da auduga, kana ɗigawa ba ka gogawa. Matarka Inna Batula tana tsaye tana cewa a ba ta shi da toka da soso ta gama maka a minti biyu, kana cewa ta rufa maka asiri.

Ƙafafun nan uku da ake ɗora shi, wurin wani tsohon safiyo mai awon filaye ka samo, ɗaya a karye, ni na ɗinke ta. Ƙarfen da ke daidaita nauyi bai zo da shi ba, muka cika gwangwanin madara da siminti. Kyamara kuwa ta wani mai hoton biki ce da wayoyi suka kashe wa kasuwa, gilashinta na baya a tsage. Zoben da ke haɗa kyamara da bututun ne ya fi ba mu wahala. Ka neme shi ko'ina babu, har na yanko bakin tsohon famfo na zauna kwana biyu ina gogawa kafin ya shiga. Shekara bakwai ka yi kana wannan tari. Garin duka ya san shi da bututun Malam. Makarantu suna gayyatarka, ka tsayar da yara layi su ga ramukan da ke jikin wata, ka ƙi karɓar ko ruwan sha.

Jinjirin wata ba ya tsayawa a tsakiyar sama. Can ƙasa-ƙasa yake fitowa ta yamma, bayan faɗuwar rana, ya yi 'yan mintuna ya faɗi. Daga tsakar gidanka katanga ta tare yamma, don haka sai ka hau rufin zaure. Kuma yammacin gidanka, gidan Alhaji Jibo ne. Ba ka taɓa taka tsani ba sai ka yi kiran da kowane namiji yake yi a garin nan kafin ya hau rufi, don matan maƙwabta su kimtsa. Sau uku kake faɗin "Za a hau bisa," ka jira, sa'an nan ka hau. Shekara huɗu da suka wuce, a watan Sha'aban, ka yi kwana biyar kana hawa da magariba kana gwada saiti. A rana ta shida aka kira ka zauren mai unguwa.

Ina wurin. Alhaji Jibo ya ce bakin bututun gidansa yake kallo, daidai lokacin da iyalinsa suke alwala, kuma abin da yake ganin ramin wata, me zai hana shi ganin abin da ke bayan katanga? Dattawa suka gyaɗa kai. Ba ka ɗaga murya ba. Ka yi musu bayani kamar a aji, cewa madubin nan an yi shi ne don nesa, abin da nisansa bai kai tsawon filin ƙwallo ba ba ya nuna shi sai dishi-dishi.

"Ku zo mu hau tare," ka ce. "Alhaji, kai da kanka ka sa ido. In ka ga ko da igiyar shanya ce, ka fasa shi da hannunka."

"Ni in leƙa gidana ta bututu?" in ji Alhaji Jibo. "Mi ya yi zafi?"

Ka juya ga sauran. Ba wanda ya yarda, don a ganinsu duk wanda ya sa ido ya leƙa matan maƙwabci, shi ma ya shiga laifin. Mutum goma sha ɗaya suka yanke hukunci a kan abin da suka ƙi dubawa, kowannensu yana jin tsoron Allah ne ya hana shi. Sai ka dube ni.

"Ga Rabi'u nan, tare muka haɗa shi. Ya sha dubawa, ya sani."

Na sani ƙwarai. A lokacin Alhaji Jibo ya ba ni aikin ƙofofi da tagogin sababbin shagunansa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ƙarfe kawai na haɗa, Malam." Ka daɗe kana kallona, sa'an nan ka ce, "Haka ne." Mai unguwa ya ce don zaman lafiya kada ka ƙara hawa rufi da bututun nan. Da ka koma gida da hannunka ka kwantar da tsanin.

Kowa ya san abin da ya biyo baya, ko da yake yau ba mai son tunawa. Makarantu suka daina kiranka. Iyayen da ka koyar da su suka hana 'ya'yansu shiga zaurenka. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da 'yan mata ba a taɓa jin kansa da kowa ba, aka wayi gari in ya doso mata suna sauya hanya. Ka bar sahun gaba da kanka, ka koma sallah a bakin ƙofa. Ka gwada fita bayan gari kan dutse, inda yamma take a buɗe, masu gadin gari suka ce halin da ake ciki bai bar mutum ya fita da magariba da abu mai kama da bindiga ba. Gaskiyarsu ce, ka dawo. Azumi huɗu suka kama, kayanka a haɗe, a goge, kana zaune a tsakar gida kana jiran a faɗa maka an ga wata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ka taɓa yi mini gori ba. Da ka zage ni, da na samu sauƙi. Wata uku bayan zaman nan ka zo shagona da hoton cikakken wata da ka ɗauka daga tsakar gida, ka wanko shi a takarda, ka ce in liƙa a bango tunda da aikina a ciki. Yana nan har yau. Na yi ta cewa gobe zan je wurin mai unguwa in faɗi gaskiya, har goben ta ƙare.

Ranar Juma'a aka yi addu'ar uku, kuma ita ce ranar duban wata, 29 ga Sha'aban. Da yamma ta yi, Inna Batula ta aiko a kira ni cikin gida. Na tarar ta sa an tayar da tsanin, kayan suna kan tabarma.

"Rabi'u, hau," ta ce. "Shi aka hana, kai ba a hana ka ba. Ka ɗauko mashi hoton jinjirin watan nan."

Na tsaya a gindin tsani na yi kiran nan sau uku yadda kake yi. Masu zaman makoki a ƙofar gida suka ɗago kai. Da na hau na kafa bututun, na leƙo na ce Alhaji Jibo ya taimaka ya hawo ya duba, ko wani daga cikin dattawa. Na faɗa musu a gaban kowa cewa ƙarya na yi a zauren mai unguwa, madubin nan ba ya ganin kusa, kuma na san haka tun ranar. Alhaji Jibo ya gyara zama ya ce, "Yaro, ai na riga na yafe mashi. A bar tone-tone, bawan Allah ya kwanta." Wasu suka ce haka ya fi. Aka kira sallah, suka tashi.

Na sunkuyar da bututun ya kalli katangar Alhaji, na danna kyamara. Abin da ya fito toka-toka ne, kamar an zuba kunu a faranti. Na ɗaga shi sama kaɗan ina neman wata. Malam, ni ƙarfe na iya haɗawa, wannan karon da gaske. Ban san inda ake murɗawa ya fito sarai ba. Sau ɗaya na ga wani siririn haske ya gilma ta gefen gilashi, kafin in dawo da shi ya sauka bayan mangwaron gidan Alhaji Jibo. Na sauko, Inna tana tsaye inda na bar ta.

"Ka samu?"

"Ban samu ba, Inna."

Ta ce, "Da shi ne, da ya samu."

Na duba duk hotunan da ke cikin kyamarar nan ɗaya bayan ɗaya. Wata ne da taurari, sai hoton katanga guda ɗaya da ba a ganin komai a ciki, shi ma ni na ɗauka. Kayan suna hannun Khadijatul Kubra, ta ce ba na sayarwa ba ne. Duk wanda yake so ya gani da idonsa, ƙofar gidan a buɗe take, ko da yake ban sa ran kowa zai zo ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Batula, wadda ita kaɗai ba ta taɓa shakkarka ba, da Khadijatul Kubra da ƙannenta, da dangi na Kurfi da na Kuki, da ɗalibanka duk inda suke. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa jinyarka da haƙurin da ka yi da mu su zama kaffara, ya wanke sunanka a ranar da ba a yanke hukunci ba tare da an duba ba. Allah ya sa Aljanna ce makomarka, ya kyautata namu zuwan.

Liman ya roƙi gari ya yafe maka, gari kuma ya yafe. Ba wanda ya tuna ya roƙe ka ka yafe mana tun kana iya amsawa. Ni na fi kowa samun dama, shekara huɗu, kuma ban roƙa ba.