Takardun Goggo Mai Kifi

Shagon ɗinkina yana kallon rumfar Goggo mai kifi, don haka na san ta kamar yunwar cikina. Mace ce mai tsabtar tsiya. Ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya sauka a farantinta.

Tun da ta fara suya ba ta taɓa naɗe kifi da jarida ba.

"Hannu nawa ya taɓa ta?" in ji ta. "Kuma wa ya sani ko da sunan Allah a ciki, a ci a yar a kwata?"

Ƙaninta yana aiki a gidan buga takardu, shi yake kawo mata waɗanda inji ya ɓata, sababbi fil. Sai ta zauna ta tsince masu rubutu, ta ajiye masu launi zalla, ja da rawaya, masu sheƙi. Kifi na fitowa daga mai ta naɗe shi da zafinsa. Mun sha ganin ja a yatsunmu, mu goge a wando, muna yaba mata.

Wadda ta fi kyau kullum ta jikarta ce, 'yar shekara huɗu da take riƙo, mai surutu kamar rediyo. Yarinyar takan cinye kifin, ta tsotse takardar, har ta tauna.

Bana surutun ya ragu. Sai ciwon ciki, sai kuka ba dalili. Aka ba ta maganin tsutsa, a banza. A asibiti aka ɗebi jini, likita ta ce dalma ce ta taru a jikinta. Ta tambayi fentin ɗakinsu, ta tambayi ruwan sha. Can ta ga ƙunshin da ke hannun yarinyar, ta karɓa ta juya shi, sannan ta dubi Goggo.

"Mama, tun yaushe take cin abinci a irin wannan?"

"Tun da ta yi haƙori."

An ce dalmar a cikin launin takardar take, kuma magani zai rage ta a jini. Abin da ta riga ta taɓa kuwa, irin su ji da ƙwaƙwalwa, sai dai a zuba ido. Wallahi tsoro nake ji.

Yanzu Goggo takan tsaya a bayan yarinyar ta kira ta a hankali, ta ga ko za ta waiwayo. Jiya sai da ta dafa kafaɗarta.