Ɗantani da Kwangilar Indiyawa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san Ɗantani, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Dillali ne, shekara talatin yana dukan gadon bayan shanun mutane yana rantsuwa a kansu. Kallo ɗaya zai yi wa saniya ya gaya maka shekarunta, kuma wallahi yakan dace. Ciwonsa dai shi ne gani yake tunda ya san shanu ya gama sanin duniya. Ni Isyaku, mai tuƙa a-kori-kura, tare muka taso a Kausani, don haka ni nake shan wahalar iliminsa.

Duk cika bakin nan ko ɗan maraƙi bai mallaka ba. Bijimi ɗaya ne a gidansa, fari sol mai ƙaton tozo, shi ma na matarsa Hansai ne. Shekara uku tana yanko masa ciyawa tana jiƙa masa dusa, don ta sayar ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Duk damina a zaune take yin barci da roba a gefe tana tarar ɗiga.

Wata rana wani malamin jami'a ya zo sayen rago, ya ba da labarin wani gidan abincin Indiyawa a Kano da sai manya ke shiga. Nan take kan Ɗantani ya ɗau zafi. Manya nama suke ci, nama kuwa sai da dillali. Kafin la'asar ya shelanta wa kasuwa cewa ya kusa fara kai wa Indiyawa shanu. Ya lallaɓi Hansai ta ba shi bijimin, wai nuna shi kawai zai yi su ga irin kayansa.

"Malam, ka dawo mini da shi fa," in ji ta.

"Haba Hansai! Ni za a koya wa ciniki?"

Ranar Litinin bayan azahar muka faka a bakin gidan abincin, bijimi a baya yana ta zuba kashi tsakanin motoci masu ƙyalli. Maigadi ya so ya kore mu, sai babbar rigar Ɗantani ta cece mu. Ciki kuwa sanyi har ƙashi, ga ƙamshin turare, ga cokula jere kamar za a yi wa mutum tiyata. Wani ma'aikaci Bakano mai suna Garzali ya miƙo takardar abinci. Ɗantani ya dangwala yatsa a kan sunan da ya fi tsawo.

Aka kawo gurasa mai laushi, da shinkafa doguwa, da 'yan kwanoni shida na miya kala-kala. Ya zura hannu ya lalube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsinto wani farin abu mai kusurwa huɗu, ya tauna, ya ɓata rai.

"Awara! Isyaku, awara suke ba manya!"

Garzali ya ce cuku ne, kuma gidan nan ba a dafa nama ko kaɗan. Ni na ji maganar sarai. Ɗantani kuwa sai ya mintsine ni yana murna.

"Ka ji ko? Ba su da dillali. Allah ne ya kawo mu."

Ya cinye wata miyar wake tas yana kushe ta, yaji na sa shi hawaye, sannan ya ce a kira masa mai gidan. Wani dattijon Ba'indiye ya fito, siriri, mai ladabi, ya haɗa tafukansa ya gaishe mu da 'yar Hausarsa. Ɗantani ya ja shi waje har gindin mota, ya fara wa'azi: nan tozo, nan ƙirji, nan inda wuƙa za ta bi. Garzali yana ta ƙifta masa ido, ina! Dattijon ya matso kusa. Ya shafa goshin bijimin, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yana da kyau ƙwarai."

Kun san al'adarmu. In mutum ya yaba abinka sai ka ce ka ba shi, shi kuma ya ce a'a, ya gode, Allah ya bar maka. Kowa ya fita kunya, kowa ya riƙe kayansa. Ɗantani ya buɗe hannu a gaban maigadi da direbobi ya ce, "Ai naka ne, na ba ka!"

Dattijon ya rungume shi. Ya yi godiya har sau uku, ya sa aka kawo katako aka sauke bijimin. Sai a lokacin Garzali ya samu ya raɗa mana cewa a addinin mutumin ba a yanka shanu, girmama su ake yi, kuma gonarsa ta bayan gari za a kai shi ya zauna har tsufa. Na ce, "Ɗantani, ka yi magana mana!" Ya dubi mutanen da suka ji kyautar da kunnensu, ya gyara hula, ya shiga mota. Raina a ɓace na ja mota muka kama hanyar Wudil.

A kasuwa har yau cewa yake kwangila tana nan tafe, Indiyawa ba sa gaggawa. Dattijon kuwa mutumin kirki ne, bayan sati biyu ya aiko da hoto ta wayata. Ga bijimi a ƙarƙashin rumfar kwano sabuwa fil, an rataya masa furanni a wuya, ya ƙara ƙiba.

Hansai ta sa aka kira ni in nuna mata. Ranar an yi ruwa, tana tsaye a ƙofar ɗaki tana matse tabarma. Ta daɗe tana kallon hoton, ba ta yi kuka ba. Sannan ta juya wajen mijinta.

"To Malam, shi dai ya samu rufin. Ka tambayar mini Ba'indiyen ko rumfar za ta ɗauki mutum ɗaya."